Gwamnati ta janye koyarwa da harshen uwa: darasin Ƙungiyar Hausa ta Jami'ar Bayero ga 'ya'yanmu na Kudu da na Lau

A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar a wani taro a Abuja cewa gwamnatin tarayya ta soke tsarin koyar da yara da harshen uwa, kuma daga yanzu Turanci ne harshen koyarwa tun daga nazare har jami'a. A Arewa an yi ta cece-kuce a gidajen rediyo da Facebook. Mu nan Kudu kuwa, in ban da 'yan kaɗan, ko a jikinmu. Wani dattijo da muke sallah tare a Agege ya ce mini: "To mu ina ruwanmu? Da ma can wa yake koya wa 'ya'yanmu Hausa a makarantar Legas?"

Gaskiya ya faɗa, amma bai ƙarasa ta ba. E, ba a taɓa koya wa ɗan Agege ko ɗan Sabon Badun lissafi da Hausa ba. Sai dai wannan sanarwa ta rufe wata ƙofa da muke iya ƙwanƙwasawa wata rana, ta kuma gaya mana ƙarara cewa duk mai son harshensa ya rayu a bakin 'ya'yansa, to ya nemi hanya da kansa. Wannan dattijon da ya ce ba ruwanmu, na sha ganin jikokinsa suna gaishe shi. Yana yi musu magana da Hausa, suna amsa masa da Yarabanci ko buroka. Suna ji, amma ba sa mayarwa. Wanda yake ji ba ya mayarwa kuwa, ɗansa ko jin ma ba zai yi ba.

Shi ya sa nake so mu waiwayi tarihin wata ƙungiyar ɗalibai a Kano, domin abin da ta yi shekaru hamsin da suka wuce shi ne abin da ya dawo wuyanmu yau.

Me aka soke?

Tun a 1977 tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi a fara koyar da yaro a azuzuwan farko na firamare da harshen uwarsa ko harshen da ake yi a inda yake zaune, sannan a juya zuwa Turanci. Ya kuma tanadi kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku, wato Hausa da Yarabanci da Ibo. A Nuwamban 2022, zamanin Malam Adamu Adamu yana minista, majalisar zartarwa ta amince a tsawaita koyarwa da harshen uwa zuwa duk shekaru shida na firamare. Shi kansa ministan ya faɗa a lokacin cewa abin ba zai kankama ba sai an samar da littattafai da ƙwararrun malamai.

Dalilin da Dakta Alausa ya bayar shi ne yawan faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da suka rungumi koyarwa da harshen gida. To amma a yi lissafi. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022, a 2025 bai ma gama firamare ba, balle ya zauna WAEC. Waɗanda suke faɗuwa jarrabawar yau sun yi karatu ne a ajin da ya cika maƙil, da malamin da shi kansa Turancin bai zauna masa ba, ga rashin littafi. Ɗora wa harshen uwa wannan laifi kamar a bar jaki ne a daki taiki.

Kuma an taɓa gwada abin a nan Kudu, ba a nesa ba. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa na Jami'ar Ife ya jagoranci wani gwaji inda aka koyar da yara duk darussan firamare da Yarabanci tsawon shekara shida, Turanci kuma aka koyar da shi a matsayin darasi mai zaman kansa a hannun ƙwararren malami. Sakamakon da aka fitar ya nuna yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su. Sannan a shekarar 2025 da Nijeriya ta ja da baya, Jamhuriyar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci suka koma harsunan aiki.

Ba zan ɓata lokacinku da jayayya da minista ba. Gwamnati takan canza, tsari yakan canza. Tambayar da ta fi damuna ita ce, a tsakanin wannan gwamnati da mai zuwa, wa zai riƙe harshen?

Yadda Hausa ta shiga jami'a

Jami'ar Bayero ta fara ne a 1960 da sunan Kwalejin Ahmadu Bello. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sai aka sauya mata suna zuwa Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama reshen Zariya, har zuwa 1977 da ta zama cikakkiyar jami'a. A wancan zamanin ɗan boko da ya kai jami'a, Turanci ne adonsa. Hausa ta gida ce da kasuwa. Akwai littattafai kam, tun daga gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, akwai kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, amma a ce mutum ya je jami'a ya karanta Hausa, abin dariya ne a wurin mutane da yawa. Har yanzu ma ba a rasa mai tambayar ɗalibi: "Kai da aka haifa da Hausa, me za ka karanta a cikinta?"

Abu biyu suka karya wannan raini, kuma tare suka tafi. Na farko aikin malamai. A 1969 aka kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a kwalejin. Malamai irin su M.K.M. Galadanci da Ibrahim Yaro Yahaya da Ɗandatti Abdulƙadir da Abdulƙadir Ɗangambo, tare da baƙi irin su Paul Newman, suka mayar da Hausa fannin ilimi mai nahawu da ƙa'idojin rubutu da hanyoyin nazarin waƙa. Daga wannan cibiya Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci ya fito a 1977, daga nan kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito a 2006, wanda yake fassara Hausa da Hausa.

Na biyu aikin ɗalibai, wato Ƙungiyar Hausa da bikinta na shekara-shekara, Makon Hausa. Malami yana iya rubuta littafi, amma ba ya iya tilasta wa ɗalibin lauya ko na tarihi ya ji daɗin harshensa a bainar jama'a. Ƙungiyar ce ta yi wannan. Tsarinta bai da wuya. Ɗalibai su zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji, wani malami ya zama uban ƙungiya, a tara 'yan kuɗi, a je neman taimako wurin masu hali a cikin gari. In mako ya zo, a yi laccoci da Hausa tsantsa, a yi muhawara da kacici-kacici, a yi wasan kwaikwayo, a karanta rubutattun waƙoƙi, da dare kuma a buɗe fili ga makaɗa da mawaƙa. A shekarun 1970 da bayansu wannan mako ya zama abin da ake jira, ba a cikin makaranta kaɗai ba, har mutanen gari sukan shigo. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da tata ƙungiyar, daga baya Sakkwato ma haka, kwalejojin ilimi da makarantun sakandare suka ɗauka.

Ku duba abin da wannan yake nufi a wancan lokaci. Makaɗi a ƙasar Hausa, komai shahararsa, maroƙi ake ce masa, kuma ba kowane gida ne zai ba shi 'ya ba. Sai ga ɗalibai sun gayyato irin su Alhaji Mamman Shata cikin jami'a, sun zaunar da su gaban malamai, ana tambayarsu yadda suke ƙulla waƙa, ana naɗar amsarsu a kaset, ana rubutawa. Wanda jiya ake jefa wa kwabo, yau shi ne ake ɗaukar karatu a bakinsa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka a kan Shata, kuma daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa. Daktan da muke kiran Shata da shi har gobe bai faɗo daga sama ba. Sai da aka share shekaru ana shigo da kalangu harabar jami'a, har kunnen 'yan boko ya saba da cewa wannan ma ilimi ne.

Marubuta waƙoƙi su ma sun sami masu sauraro. Su Alhaji Mudi Sipikin da Alhaji Aƙilu Aliyu suna da nasu ƙungiyoyin a cikin gari, amma cuɗanya da jami'a ta sa aka tattara ayyukansu aka buga. Fasaha Aƙiliya, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, ya fito a 1977, kuma a cikinsa akwai waƙar nan da take yi wa 'yan boko faɗa a kan gurɓata Hausa da Turanci. Kun ga ciwon da muke kuka da shi yau ba sabo ba ne.

Ribar da aka ci ta fi shagalin mako guda. Yaron da ya tsaya a zauren taro ya kare ra'ayinsa da Hausa, ba tare da ya tsoma Turanci ba, ya koyi abin da aji ba ya koyarwa. Irin waɗannan ɗalibai ne suka zama malaman Hausa a sakandare da kwaleji, suka zama masu fassara a ma'aikatu da kotuna, suka cika gidajen rediyo da talabijin na jihohi da sassan Hausa na ƙasashen waje. Kasakasan da aka naɗa kuwa sun zama taskar da masu bincike suke komawa gare ta bayan mawaƙan sun kwanta dama.

Inda aka yi rauni

Ba zan ce muku komai lafiya lau ba ne. Armashin Makon Hausa ya ragu a makarantu da yawa, kuma dalilan a bayyane suke. Daga shekarun 1980 muhawara ta yi zafi a harabar jami'o'in Arewa game da matsayin kiɗa da rawa da cakuɗuwar maza da mata, har wasu bukukuwan al'ada suka ja baya. Tsuke bakin aljihu na zamanin SAP daga 1986 ya busar da 'yan kuɗin da makarantu suke ba ƙungiyoyi. Yajin aiki ya yi nasa. A 2020 an rufe jami'o'in gwamnati kusan wata tara, a 2022 kuma wata takwas. Ƙungiyar ɗalibai tana rayuwa ne da miƙa ragama daga aji zuwa aji, in aka sami shekara guda ba a miƙa ba, sai sababbi su zo su tarar da suna kawai.

Akwai kuma ciwon da ƙungiyoyin suka jawo wa kansu. A wurare da dama abin ya koma naɗin sarauta. A naɗa Sarkin ɗalibai da Waziri da Galadima, a ari rawani da alkyabba, a hau doki, a ɗauki hoto, a gayyato ɗan siyasa a ba shi lambar yabo, ya ba da ambulan, a watse. Ba laifi ba ne a nuna sarauta, al'adarmu ce. Amma in an tashi taro ba a karanta ko shafi ɗaya ba, ba a naɗi muryar tsoho ko ɗaya ba, babu yaron da ya koyi bambanta ƙ da k a rubutu, to an yi ado ne kawai.

Duk da haka irin bai mutu ba. Ranar Hausa ta Duniya da ake yi kowace 26 ga Agusta, matasa ne suka faro ta a shafukan sada zumunta a 2015, ɗan jarida Abdulbaƙi Jari yana kan gaba. Babu wata doka da ta kafa ta. Yau ana yin ta a Nijeriya da Nijar da Gana da wasu ƙasashe. Haka ma Ranar Harshen Uwa ta 21 ga Fabrairu da UNESCO ta ayyana a 1999, asalinta ɗaliban Jami'ar Daka ne da aka harbe a 1952 saboda sun fito neman a ba harshen Bangali matsayinsa. A ko'ina ka duba, maganar harshe ɗalibai ne suke fara ta, gwamnati tana biyo baya.

Lau: inda Hausa ce babbar giwa

Kafin mu zo kan abin da ya kamata mu yi a Kudu, bari in kai ku garinmu, domin akwai wani gefen maganar da ba a gani daga Kano.

Ni mutumin Lau ne a Jihar Taraba, ƙaramar hukumar da take maƙwabtaka da Jalingo, a bakin kogin Binuwai. A Lau da kewayenta akwai Mumuye da Jenjo da Yandang da Kunini da Bandawa da Shomo da Fulani da Hausawa. Ranar kasuwa, a Lau ko a Mararrabar Kunini ko Abbare, mai kifi da mai doya da mai nono duk da Hausa suke ciniki. A coci ana wa'azi da Hausa, a masallaci ma haka. Wannan alheri ne, domin mutanen da ba sa jin harshen juna sun sami gada. Amma na ga gidajen da kaka take magana da harshen kakanninta, jikoki suna amsa mata da Hausa. Daidai abin da na gani a Agege, sai dai a can Hausa ce ake bari, a nan kuma ita ake kamawa.

Wannan ba tsoro ne na banza ba. A ƙasar Bauci akwai harsunan Ajawa da Kubi, a Jigawa ta yau akwai na Auyokawa, duk sun mutu, jikokin masu su Hausa suke yi. Ba da takobi aka kashe su ba. Iyaye ne suka ga babu riba a koya wa yaro, shi ke nan.

To kun ga tsohon tsarin ma da aka soke yana da matsala a wuri irin Lau. In aka ce a koyar da harshen da ake yi a yankin, a aikace Hausa za a ɗauka, domin ita ce take da littafi da malami. Ɗan Jenjo ko ɗan Yandang zai tashi ne daga Turanci ya faɗa Hausa, nasa harshen yana nan a bakin ƙofa. Kuma a yankin da ya ga rikicin manoma da makiyaya irin na Janairun 2018, maganar harshen wa za a fifita ba wasa ba ce.

A nan ne nake ganin darasin Kano yana buƙatar gyara kafin a kai shi Jalingo. Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a 2008, tana tara yara daga ƙananan hukumomi 16 na jihar da take cikin waɗanda suka fi yawan harsuna a ƙasar nan. Abin da ya dace da irin wannan wuri shi ne ƙungiyar harsuna, inda Hausa za ta zama mai masauki. Ɗalibin da ya fito daga Kunini ya je hutu da wayarsa, ya naɗo tatsuniyoyi da sunayen kifaye da kayan su a bakin kakarsa, ya dawo a zauna a rubuta, a fassara da Hausa da Turanci. Wayar da take aljihunsa ta fi rikodar da aka naɗi Shata da ita. Su ma mutanen Bayero ai ba su ce Cibiyar Hausa ba, Harsunan Nijeriya suka ce, kuma sun yi aiki a kan Fulatanci da Barbarci.

Na kawo Lau ne domin mu mazauna Kudu mu gane abu ɗaya. Zafin da muke ji in ɗanmu ya kasa mayar da Hausa, shi ne zafin da tsohuwar Mumuye take ji in jikanta ya kasa mayar da nata harshen. Wanda ya ɗanɗani wannan ba zai raina harshen kowa ba, har da na masu masaukinmu.

Mu dawo gida Kurmi

Zamanmu a Kudu ba na jiya ba ne. Sabon Badun tun 1916 aka keɓe shi. Agege da Idi-Araba da Obalande a Legas, Sabo a Shagamu da Abekuta da Ife, Ama Hausa a Owerri, Gariki a Inugu, Bogobiri a Kalaba, duk akwai gidajen da aka haifi uba a nan, aka haifi kaka a nan. Abin da ya riƙe Hausa a zangunan nan shi ne sana'a da masallaci da makarantar allo da auren gida. Fataucin goro da shanu da kayan gwari da Hausa ake yin su, yaro kuma yana tashi a gindin rumfar ubansa.

Yanzu lamarin ya sauya, kuma alheri ne ya sauya shi. 'Ya'yanmu suna zuwa boko, suna shiga Jami'ar Legas da LASU da Jami'ar Ibadan da ta Fatakwal da kwalejojin kimiyya. Daga bakwai na safe zuwa la'asar Turanci, a layi Yarabanci ko Ibo ko buroka, a waya kuma Turanci. Hausa ta rage ta gaisuwa da aike. Da yawansu suna magana da ita sarai, amma ka ba su takarda su rubuta wasiƙa, sai gumi. WAEC da JAMB duk suna da jarrabawar Hausa, amma yaro zai zauna jarrabawar da babu mai koya masa?

Mu duba abin da maƙwabtanmu suka yi wa nasu harshen. A 1949 F.C. Ogbalu, yana matashin malamin makaranta, ya kafa ƙungiyar bunƙasa harshe da al'adun Ibo, wadda ta yi tsayin daka wajen daidaita rubutun Ibo. A Legas, dokar 2018 ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantun jihar, ta kuma sa shi cikin sharuɗɗan shiga manyan makarantun jihar, majalisar dokokin jihar ma tana zaman ranar Alhamis da Yarabanci. Wasu daga cikinmu sun ji haushin dokar. Ni ban ga abin haushi ba. Mai gida ya gyara gidansa ne. Ɗanmu ya iya Yarabanci riba ce gare shi a kasuwa da ofis da zaman lafiyar unguwa. Abin kunyar shi ne ya iya rubuta harshen maƙwabci bai iya rubuta na uwarsa ba, kuma wannan ba laifin gwamnatin Legas ba ne.

A yawancin manyan makarantun Kudu 'ya'yanmu suna da inda suke haɗuwa, ko ƙungiyar ɗaliban Arewa, ko ta jiha, ko ta masallaci. Suna taimakon juna da masauki da kuɗin mota, suna yin ranar al'ada sau ɗaya a shekara, a ci tuwo a sha fura a sa babbar riga. Madalla. Abin da ya rage shi ne a ɗora aikin harshe a kan wannan harsashi, kuma ba ya buƙatar miliyoyi.

A yi wa ƙungiya rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai, a sami malami uban ƙungiya, ko da ba Bahaushe ba ne. Jami'o'in Kudu suna da sassan nazarin harsuna, kuma malaman nan sun san darajar abin. Rajistar tana da muhimmanci, domin makarantun nan sun sha wuya da ƙungiyoyin asiri, duk taron da ba a san da shi ba zargi yake jawowa. A ware awa ɗaya a mako a koyi ƙa'idojin rubutu, a karanta littafi tare. A buɗe ƙofa ga ɗan Yarabawa da ɗan Ibo da yake son koyon Hausa saboda bautar ƙasa ko kasuwanci, suna da yawa fiye da yadda muke zato, shi ma ya koya wa namu nasa. A nemi haɗin kai da kwalejojin ilimi na Kudu da suke koyar da Hausa, irin ta tarayya da ke Abekuta, da Cibiyar Harsunan Nijeriya ta ƙasa da aka kafa a Aba a 1993. Ranar Asabar kuma ɗaliban su shigo unguwa, su zauna da ƙannensu a Islamiyya ko a ƙofar gidan Sarkin Hausawa.

Sannan akwai aikin da babu mai iya yin sa sai su. Tarihin zangunanmu yana cikin kawunan tsofaffi. Wa ya fara sauka, ta wace hanya goro yake tafiya Arewa kafin tirela, yaya aka yi zaman yaƙin basasa, yaya aka tashi bayan rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021? Littafin da aka fi sani a kan Sabon Badun, Baturen nan Abner Cohen ne ya rubuta shi, ya fito a 1969, da Turanci. Fiye da shekara hamsin ke nan. Kowane tsoho da muka kai makwanci ba a naɗi muryarsa ba, da nasa babin ya tafi. Ɗaliban Kano sun naɗi mawaƙa. Namu su naɗi fatake da mahauta da 'yan koli da ungozomomi.

Ga masu hali da sarakunanmu kuwa, roƙona kaɗan ne. In ɗalibai sun zo neman taimako, a tambaye su me za su bari a rubuce bayan taro. Kuɗin hayar doki ɗaya zai sayi ƙamus da littattafan karatu da za su shekara goma ana amfani da su. Kuma a tsare ƙungiyar daga 'yan siyasa, musamman da zaɓen 2027 yake matsowa. Ranar da ta zama reshen kamfen, ranar ta mutu.

Na san abin da wani uba zai ce: "Malam, ni na kai yaro makaranta ne ya sami aiki, Hausa za ta ba shi abinci?" Tambaya ce mai kyau. Babu wanda ya ce a bar Turanci, shi ne harshen jarrabawa da ofis, dole yaro ya ƙware a kai. Amma Hausa ma tana ciyarwa. BBC tana watsa shiri da ita tun 1957, ga Muryar Jamus da Rediyon Faransa da TRT, ga tashoshin gida, ga fassara da tallace-tallace da finafinai, ga kamfanonin waya da bankuna da suke neman mai iya magana da abokan cinikinsu na Arewa. Yaron da ya tashi a Legas da Turanci da Yarabanci da Hausa mai kyau, a baki da rubutu, yana da abin da ɗan Kano da ɗan Ikeja ba su da shi. Mu ne muke barin wannan jari yana zubewa. Ban da maganar aiki ma, akwai ranar da zai je gida ta'aziyya ko neman aure, ya zauna gaban dattawa. Ranar ba satifiket ake tambaya ba.

Waɗanda suka fara Makon Hausa a Kano ba su jira takardar minista ba. Yara ne 'yan shekara ashirin da 'yan kai, da 'yan kuɗin karo-karo da malami ɗaya ko biyu da suka tsaya musu. Irinsu muna da su a kowace jami'a daga Legas zuwa Kalaba, akwai su a Jalingo. Duk mai ɗa ko ƙane a babbar makaranta, in ya dawo hutun nan, a zaunar da shi a tambaye shi ko suna da irin wannan ƙungiya. In ya ce babu, a tambaye shi su nawa ne 'yan gida a makarantar. In sun kai goma, sun isa.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.